Ranar da Na Kai Keke Wanka Tafkin Bosomtwi

Har yau ina ɗora laifin a kan wani magini ɗan Italiya da nake kai wa leburorinsa goro a unguwar Adum. Shi ya ce min a ƙasarsu in mutum ya gaji, keke yake hawa ya shiga ƙauye, ya jiƙa jikinsa a ruwa, ya dawo garau. Ni kuwa bayana ya daɗe yana ciwo.

Na ari keken maƙwabcina, na ce tafkin Bosomtwi za ni hutu. Matata ta ce, "Malam, a kan wannan ƙarfen ake hutawa?" Na ce mata harkar wayayyu ce.

Na isa a galabaice, don rabin hanya ni na ɗauki keken. Ganin ya yi butu-butu da laka, ga shi kayan aro, sai na tura shi cikin tafkin ina dirza.

Ashe a al'adar Asantawan wurin, ƙarfe ba ya taɓa ruwan nan. Masuntansu ma a kan gungume suke su. Kafin in ɗago, ƙauyen ya kewaye ni. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana kururuwa. Dattijonsu ya ce ba mai tafiya sai na kawo tunkiya an yanka.

Bayana ko ɗigon ruwa bai gani ba. Na bar keken jingina, na dawo a ƙafa neman tunkiya.

Na gaji da bayani. Har gobe in na ratsa unguwarmu ta Zango sai an ɗaga murya: "Baturen Italiya, ya jikin keken? Da sauƙi dai?"