An Sallami Fumfuna daga Aiki

Jama'a, yau da safe na fita da bokiti zan yi wa fumfuna ban ruwa, sai na tarar da filin bayan gidanmu fes, har duwatsun an shafe su da farin fenti. Ku daina dariya, ku ji yadda aka yi.

Filin nan tsohuwar ma'ajiyar maganin ƙwari ce. Ganguna suka ɓule, dafin ya tsiyaye cikin ƙasa har ya kai rijiyarmu. Tun da aka rufe rijiyar, uwar 'ya'yana ke zuwa ƙetaren titi ɗibar ruwa, ga ciwon baya.

Bara wata malama mai binciken ƙasa ta zo ta baza garin katako da aka cuɗa da wata irin fumfuna. Ta ce dafi mai kulorin ba ya ruɓewa da kansa, amma fumfunar za ta cinye shi sannu a hankali, in dai ta samu inuwa da danshi. Muka lulluɓe ta da buhuna, gida-gida muna ba ta ruwa. Har ta fara yaɗo, fari tas.

Ashe jiya Mai Girma Garkuwan Muhalli, Allah ya ƙara masa kujera, ya zo ƙaddamar da aikin gyaran ƙasar, ina kasuwa ban sani ba. Masu share masa fage suka riga shi isowa, suka toshe hanci. Maƙwabcina tela ya ce da kunnensa ya ji babbansu yana cewa, "Wannan ƙazantar za mu nuna wa maigida?" Suka kwashe ta kaf a mota, suka bi filin da feshin ruwan kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Garin neman gira an rasa ido.

Na ce, "Kai kana tsaye ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Wallahi na yi! Na ce bayin Allah, ai aikin ke nan kuke kwashewa. Suka ce, 'Haba baba, aiki ga shi can an kafa allonsa.'"

Allon kuwa ya yi kyau, ba ƙarya.

Ɗazu malamar ta zo, ta damƙi ƙasar ta sansana, ta ce sai an sake daga farko. Uwar 'ya'yana ta ɗauki jarka ta dafe ƙugu ta fita. Wallahi raina ya ɓaci.

A duk ma'aikatan da na sani, ita kaɗai fumfunar nan ke cin iya abin da aka ce ta ci, kuma ita aka fara sallama.