Sarbar da ta tafi Dogarawa

Ranar da na haɗa sabuwar sarba, uwar ordinatoci, wato kwamfutocin ofis, a buron wani Alhaji mai motocin siminti a Ƙonni, ji nake duk jihar Tawa babu kamar ni. Na shuri tsohuwar na ce, "Alhaji, wagga ta gama aiki."

Alhali sunayen ma'aikata da lambobin sirrinsu na cikinta, ban kwashe ba. Alhaji kuwa ba ya kwana da tsohon abu, nan take ya ba direbansa kyauta.

Kashegari ko ordinata ɗaya ba ta buɗe ba. Na bi direban har garinsu Dogarawa, na tarar yara sun yashe cikin tsohuwar sarbar, kaza na kwanci a ciki.

Aikin ya kuɓuce mini. Har yau direbobi in sun hango ni sai su ɗaga murya: "Injiniya, ta ƙyanƙyashe?"