Ƙayoyin Honarabul Tasalla

A Jihar Kurmin Yamma komai da tsarinsa. Gwamna Damisa na kan reshen tsamiya, majalisa na ƙarƙashinta a kan wani dogon gungume, talakawa kuma suna can inda aka bar su.

Mazaɓar Bakin Tafki matsalarta ɗaya ce: Kumurci. Ya tare hanyar ruwa, duk uwar da ta sauka da 'ya'yanta sai ta dawo babu ɗaya. Shi ya sa suka zaɓi Tasalla Bushiya, don ita kaɗai maciji ke gani ya kauce. Ranar rakiya, tsohuwa Inna Makwarwa ta riƙe ta tana cewa, "'Yar nan, ba ma son komai. A raba mu da wannan azzalumi kawai."

Zaman farko, Kakaki Gwaggon Biri ya miƙe ya gyara murya.

"Masu girma wakilai, gungumen nan gadon kakanni ne, kuma ƙarami ne. Ba a taɓa hana kowa magana a nan ba. Abin da al'ada ta hana shi ne sukar maƙwabci. Duk mai son a saurare shi, sai ya rage abin da ke damun na kusa da shi."

Aka kira Ƙaguwa, wanzamin majalisa. Tasalla ta ce a ranta, ƙaya ɗaya ai ba komai ba ce. Ta ba da ta kafaɗa, aka sa ƙudirinta a jerin gobe.

To, gobe a majalisar nan doguwa ce. Ashe Kumurci surukin shugaban jam'iyya ne. Aka tura ƙudiri kwamiti. Shiga kwamitin ya ci ƙayoyin wuya, shugabancinsa ya ci na baya. Tikitin zango na biyu, kai, wannan sai da Ƙaguwa ya yini yana aiki. Da jam'iyya ta dare gida biyu, Tasalla ta sauya sheƙa, sababbin abokai suka ce sauran na gefe suna tsorata Mai Girma Gwamna. Kowace ƙaya da dalilinta, kuma wallahi kowane dalili a lokacinsa mai kyau ne. Tasalla ba ta ci na kowa ba. Gajiya kawai ta yi, irin wadda barci ba ya magani.

A ƙarshen zango na uku aka ba ta fili. Ta miƙe sumul, iska na kaɗa mata fata.

"Mai girma Kakaki, shekara da shekaru 'ya'yan Bakin Tafki na ƙarewa a bakin Kumurci. Ina roƙon majalisa ta tashe shi."

Aka tafa sosai. Kakaki ya yaba da ladabinta, ya ce irin wannan natsuwa ake so matasa su koya. Aka ɗage zama sai bayan zaɓe. Babu wanda ya ko muskuta a kan gungumen, don babu abin da ya soke shi.

Ta koma gida a ƙasa. Da hantsi ta tarar iyaye sun taru za su sauka tafki, kowace ta tusa 'ya'yanta a gaba. Kunya ta kama ta, ta wuce gaba kamar yadda take yi a da.

"Ku biyo ni, Inna. Tunda majalisa ta ƙi, ni zan tare shi."

Inna Makwarwa, wadda ɗa ɗaya ya rage mata, ta dube ta sama da ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Ranki ya daɗe, koma tsakiya cikin yara. Ke ma yanzu nama ce."

Tasalla ta koma tsakiya.

A zaɓen da ya biyo baya, Bakin Tafki suka ce wannan karon sun yi hankali. Suka tsayar da Beguwa, mai ƙayoyi zara-zara kamar kibau, aka yi ta guɗa har la'asar. Da labari ya isa gindin tsamiya, Kakaki ya ce madalla da zaɓin jama'a. Sannan ya aiki Ƙaguwa wurin maƙera, a ƙero awartaki.