An Ƙone Mini Daruma Mai Ido Ɗaya

Da zuciya cike da baƙin ciki, wanda fushi ke neman fin ƙarfinsa, ni Luzviminda Abrenica, wadda ake kira Minda, mai kula da tsofaffi a wani gida a Takasaki, nake sanar da abokan aiki da maƙwabta rasuwar abokin karatuna, Daruma. Ya rasu ranar Lahadin da ta wuce a bakin kogi, cikin wutar da ake ƙone kayan sabuwar shekara. Ba ciwo ne ya kashe shi ba, ɗaukarsa aka yi aka kai.

Marigayin mutum-mutumi ne na takarda, jajir, ƙulu-ƙulu, ba hannu ba ƙafa, da gira kamar ta wanda aka ɓata wa rai. Malam Kogure ne ya ba ni shi, tsohon malamin firamare da ke ɗaki na ƙarshe a benenmu. Sanadin haɗuwarmu ɗigo ɗaya ne. Ina sabuwar zuwa daga Iloilo, can ƙasarmu, na so in rubuta cewa Malam ya yi ƙiba, sai na ɗora ɗigon a kafaɗar harafin maimakon tsakanin ƙafafunsa, rahoto ya fita cewa Malam ya zama kare. Ya yi dariya har haƙoransa na roba suka faɗo. Da ya mayar da su ya ce, "Zo nan, 'yar nan. Kafin ki mai da ni kyanwa gara in koya miki kanji, haruffanmu na nan ƙasar." Shi ne ya zana wa marigayin idon hagu da burushinsa, muka kuma yi alkawari cewa na dama sai ranar da na ci jarrabawar ƙasa ta masu kula da tsofaffi. Kowa a gidan ya san in na sake faɗuwa bana, takardar zamana ta ƙare, sai jirgi.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da juriya. Ya zauna bisa kantar da ke ɗakin hutun ma'aikata, yana kallona da idonsa guda ina fama da haruffan da ko 'yan ƙasar sai sun sosa ƙeya kafin su rubuta, irin na ciwon da doguwar kwanciya ke jawowa. Duk sanda na ɓata harafi nakan kai masa mari. Sai ya yi ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya tangaɗa, ya miƙe, ya ci gaba da harara. Bai taɓa ce mini hannuna ya fi na 'yan ƙasa kyau ba, yadda wasu ke faɗa suna murmushi alhali sun kasa karanta abin da na rubuta. In na haddace sababbin haruffa ɗari, nakan ajiye masa wainar wake mai zaƙi a gabansa, in ba shi minti kaɗan, sannan in cinye a madadinsa. Da na faɗi jarrabawa bara, shi kaɗai ne bai ce in ƙara ƙoƙari ba.

A ƙarshen rayuwarsa ja ya koɗe, gashin bakinsa ya fara ɓarewa, gefen da nake mari ya ɗan lotsa. Ban da wannan lafiyarsa ƙalau.

Wadda ta yi ajalinsa ita ce shugabar benenmu, Uwargida Tsunoda, mace mai tsafta irin wadda ke sa mutum ya tsani tsafta. Ta yi aika-aikar ranar da nake hutu. Da na tare ta a gaban injin wanki, sai ta sunkuya mini, fuska cike da fara'a. "Haba Minda-san, shekara ɗaya ce wa'adin daruma, naki ya yi kwantai. Ai taimakonki na yi. Kuma kar ki damu, ban kai shi wuta da ido ɗaya ba, abin tausayi. Na cike masa." Da me ta cike? Da alƙalamin da muke rubuta suna a jikin kamfan tsofaffi. Ba ta tsaya nan ba, ta kawo mini curin shinkafa da aka gasa a kan wutar, wai wanda ya ci ba zai yi mura ba bana. Sun ƙone mini aboki sun gasa abinci a kansa, sannan ana jira in ce na gode. Na ce na gode, don a nan haka ake yi, amma haushi bai bar ni na ci komai ba ranar.

Abin da ba zan yafe ba shi ne, kafin ta fita da shi sai da ta bi ta falo da shi a hannu, ido biyu tar, Malam Kogure yana zaune a kekensa. Washegari na shiga kai masa shayi na tarar ya sa an ɗaura masa nektayi. Hawaye na zuba ya ce, "Na gani, 'yar nan, na gani. Kin ci! Kin yi daidai da ba ki jira wannan hannun nawa ya zana masa idon ba, ko cokali ya daina riƙewa." Ya riga ya shaida wa duk benen, ya sa an buga wa 'yarsa waya a Maebashi. Mutumin da likita ya ce ba lallai ya ga bazara ba, ranar ya cinye abincinsa tas. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, sai na ji kaina ina tambayarsa ko shayin ya yi zafi da yawa.

Marigayin ya bar ƙamus mai karyayyen baya, da kwalin takalmi cike da katunan haruffa, da rabin kwalbar tawada da aka tanada domin idon dama. Ya bar ni, wadda ban zauna jarrabawar bana ba ma tukuna.

Ba za a yi jana'iza ba, tunda wasu sun riga sun yi mana ba tare da gayyata ba, kogi kuma ya tafi da tokar. Zaman makoki sai bayan jarrabawa, ranar Lahadi ta ƙarshen wata, a ɗakin hutu. Kada a kawo furanni, kada a kawo sabon daruma. Uwargida Tsunoda za ta riƙe mini aikina har zuwa ranar jarrabawa in samu in yi karatu, wannan kuma ba roƙo ba ne, don dole in mai da ƙaryarta gaskiya. Masu zuwa ta'aziyya su bi ta ƙofar baya, su rage murya in sun zo daidai ɗaki na ƙarshe. Duk wanda ya kuskura ya gaya wa Malam, sanarwa ta gaba da sunansa za ta fita.