Ranar da Kaka Ya Yanke Wayoyin Falo

"Lafiya lau na kwana, sai da na buɗe ido na gan ki lafiyar ta gudu."

"Au, ashe idon yana aiki? Ni na ɗauka ado ne kawai. Ina kwana dai, tsohon mijina."

"Tsoho yana gidanku."

"Ai gidan namu ke nan, ga shi kuma ina kallonsa."

Barkono ke nan da kakanta, wanda duk unguwa ke kira Injiniya saboda shekara arba'in da ya yi yana gyaran rediyo. Ita kuwa bakinta ne ya ja mata sunan. Abin da ya tashe su da sassafe talabijin ɗin falo ne. Rami ɗaya tak ya rage mai aiki a bayansa, ga dikoda, ga dibidi, ga akwatin gem na yayan Barkono, ga kuma kaset ɗin Kaka can gefe da wata sifika mai kuka kamar akuya mai mura. Duk sanda Kaka ya gaji da labarai yana son fim sai ya ƙwala kira, Barkono ta durƙusa ta cusa kai bayan kabad, ta zare wannan ta soka wancan, ta fito da yanar gizo-gizo a gashi. Shi ba ya iya sunkuyawa, bayansa ya daina yarda. To ranar Litinin za ta fara aiki a shagon kwalliya, daga safe har faɗuwar rana, kuma kowa na gidan fita yake. Kaka kaɗai za a bari da talabijin ɗin da ba zai iya canjawa ba. Shi ya sa babanta ya ce su je yau su zaɓo amfilifaya, irin wadda ake soka mata komai da komai a baya, mutum yana zaune ya danna rimot ya koma abin da ransa ke so.

Suka fito titi, ita a gaba, shi a baya da sanda, rungume da wani tsohon gwangwani.

"Rage sauri, mutane za su ce guduna kike."

"Ai gudun naka nake. Ina fara aiki zan samo saurayi mai haƙora."

"Mai haƙora cinye miki abinci zai yi. Ni lasa kawai nake in bar miki."

"Mene ne a gwangwanin nan da ka ƙanƙame kamar jariri?"

"Ilimi ne. Ba a nuna wa yara a titi."

Shagon kayan lantarkin siriri ne, kwalaye har rufi, fanka tana juyawa tana ƙara, talabijin shida a jere duk suna nuna kifi iri ɗaya. Mai shago ya ture tabarau sama ya miƙe.

"Sannunku da zuwa. Baba, jikarka ce?"

"Matata ce. Kuskure aka yi."

"Gadonsa nake jira, mai shago, ya ƙi tafiya. Gadon ma rediyo goma sha biyu ne, babu mai magana ko ɗaya."

Mai shago ya yi dariya ya ce kafin ya sauko da komai sai ya san abin da za a soka. Na'ura nawa ce a gidan, kuma wane irin rami ke bayan kowace?

Nan Barkono ta gyara tsayuwa ta zaro waya. "Ni fa ba da wasa na zo ba. Duk na ɗauko hoto."

Hoto na farko gaban dikoda ne, da rabin fuskarta, ta turo baki. Na biyu gaban dibidi ne, da fuskarta duka. Na uku ma na'urar ba ta fito ba sam.

"Ƙanwata, baya nake son gani. Nan gaba ne, gaban ma kin tare shi."

"To wa ke ɗaukar hoton bayan abu? Ƙura ce fa a wajen."

Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ka gani ko? An aike ta hoton dikoda, ta kawo na goshinta. Goshin da in an haska masa fitila sai unguwa ta taru a kalli ƙwallo."

"Naka na gada. Naka ma ai ya zarce har ƙeya."

"Matsa can ki ga yadda masu sana'a ke aiki."

Ya buɗe gwangwani ya juye a kan gilashin kanta. Kawunan waya ne, kowanne da guntun wutsiya kamar tsawon yatsa, an datse shi tsaf da filaya. Uku masu faɗin kai, sai 'yan biyu, ja da fari. Barkono ta kalle su, ta kalli Kaka, ta sake kallonsu.

"Kaka. Waɗannan daga ina?"

"Daga gida mana. In za ka sayi abu, ka zo da samfur."

"Yanke su ka yi?"

"Tun kina minshari. Da ƙugiyar sandata na jawo su ɗaya bayan ɗaya."

"Wayyo ni! Har da ta gem ɗin Yaya?"

"Ita ta fi gardama."

"Wallahi ka nemi tabarma a shagon nan, don gida ya fi ƙarfinka."

"Ke rufe min baki. Minti biyar ne na haɗa su da dalma."

Mai shago ya ɗauki ɗaya ya juyo wajen yankan. "Baba, ja da farin nan za su haɗu. Amma wannan mai faɗin kan, siraran wayoyi goma sha tara ne a ciki, kowace kamar gashi. Sai dai sababbi."

"Goma sha tara kacal? Ni na taɓa haɗa wayar da ta fi ƙafar sauro siranta, babu wuta, ana ruwa, da hannun hagu."

"Da na daman kana me?" in ji Barkono.

"Ina korar 'yan mata."

"Su suke korarka dai, ka manta ne."

Mai shago ya ce tunda an yanke an yanke, zai haɗa musu da sababbin wayoyi, kawunan nan kuma su za su yi awo. Duk amfilifayar da ta karɓe su duka biyar, ita ce tasu.

Sai aka zo zaɓe. Kaka ba ya duba takarda, ba ya tambaya. A miƙo masa kawai, ya ɗora a tafin hannu ya auna. "Wannan iska ce a ciki. Wannan kwali ne." Har sai da mai shago ya ciro wata baƙa daga ƙasan kanta yana nishi. Kaka ya gwada ɗaga gefe ɗaya ya kasa, fuskarsa ta washe. "Yauwa. Abin kirki nauyi gare shi."

Barkono kuwa tuni ta rungume wata siririya mai shuɗiyar fitila da ke gudu a gaba. "Wannan ko ba ta yi magana ba ta gyara falo."

"Wannan? In fanka ta juyo sai an bi ta da gudu."

"Taka kuwa sai an kira mutum huɗu kamar za a kai ta makwanci."

"Ita za ta kai jikokinki makaranta."

"A ka za su ɗauke ta?"

Aka juyo bayan amfilifayoyin biyu. A ta Kaka ja da fari suka shige sumul. Ya ɗauki mai faɗin kai ya lalubi nan, ya lalubi can, ya danna da ƙarfi.

"Baba, babu raminta," in ji mai shago. "Lokacin da aka ƙera wannan ba a haifi wayar nan ba."

Barkono ta yi tsalle har da tafi. "Sa'arka ce ashe! Ku gaisa!"

Aka zo tata. Masu faɗin kai uku suka shige. Ja da fari kuwa ko alamar rami babu.

"To sai me? A jefar da kaset ɗin. Wa ke jin kaset yanzu?"

"A jefar da ke dai." Kaka ya ɗauki kawunan nan biyu ya riƙe a tafi. "Kin san abin da ke cikin kaset mai jan tambari, wanda nake sawa bayan na ci abinci?"

"Wasan kwaikwayon nan na matar da ba ta gajiya?"

"Kakarki ce. Makirufo nake gwadawa na manta ban kashe ba, ta shigo tana min faɗa na ƙona mata labule da ƙarfen dalma. Minti goma sha biyu ba ta ja numfashi ba."

Barkono ba ta riski kakarta ba. Shekara nawa tana jin muryar nan ta bayan ƙofa tana wucewa abinta. Duk da haka bakinta ba ya hutu.

"Wato faɗan da nake maka kullum bai ishe ka ba?"

"Naki na 'yan koyo ne. Waccan gwana ce."

Da hannunta ta ture siririyar gefe. "Ɗauke wannan, mai shago. Dama fitilar ta fara sa min ciwon kai."

Mai shago ya sauko da ta uku, ruwan toka, ba nauyi, ba kyau. Kaka ya ce ramammiya ce, Barkono ta ce kamar akwatin takalmi. Amma kawuna biyar duka suka samu gida, har da rami ɗaya da ya rage, wayar Barkono ma ta haɗu da ita ba tare da igiya ba. Mai shago ya jona dikodarsa da dibidi da wani kaset na gwaji, ya miƙa wa Kaka rimot.

Maɓalli sun kai arba'in, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, rubutun toka a kan baƙi. Kaka ya miƙar da hannu nesa. Ya kawo dab da hanci. Ya danna, sauti ya fashe har wata mata a titi ta waiwayo. Ya sake dannawa, talabijin ya yi baƙi. Na uku bai yi komai ba. Ya ajiye rimot a hankali.

"Rimot ɗin ne ba shi da kyau. Ni dama labarai sun ishe ni. A bar min dikoda kawai, in kin dawo kya canja min."

Wannan karon ba zolaya a muryarsa. Barkono ta hango shi a kujera daga safe har yamma, shi da tasha ɗaya, yana jiran ƙarar ƙofa. Ta zazzage jakarta a kan kanta, kwalaben jan farce suka gangaro.

"Mai shago, wanne ne na dikoda?"

Ya nuna. Ta ɗiga ja, ɗigo mai kauri. Na dibidi kore. Ƙara sauti da ragewa fari. Na kaset kuwa ta zaɓi mai ƙyalli, irin wanda in ya bushe yake da kaushi a yatsa, ta maimaita masa sau biyu.

"Ke! Rimot kike wa kwalliya? Gobe kuma firij za ki shafa wa jan baki."

"Yi shiru. Kar ka taɓa, bai bushe ba! Kai tsohon nan, hannunka ba ya zama waje ɗaya?"

"Hannun da ya ɗauke ki kina tsirara kina ihu?"

"Ihun ganinka nake."

Ta kai rimot gaban fanka tana hurawa, sannan ta danƙa masa. "Labarai."

Ya danna ja, labarai suka fito.

"Fim."

Ya danna kore, fim ya fito. Shi da kansa ya rufe ido, ya bi da babban yatsa har ya ji kaushi, ya danna. Kaset ya fara waƙa. Mai shago ya tafa. Kaka ya sake zagayawa, ja, kore, mai ƙyalli, ja, kore, mai ƙyalli, kafaɗunsa na rawa.

"Shekara arba'in ina sana'ar nan, ban taɓa ganin an gyara na'ura da jan farce ba."

"Ka ce na fi ka."

"Ban ce ba."

"Faɗa da ƙarfi, mai shago ne shaida."

Kaka ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro tastarsa, ƙaramar sukundireba mai ruwan ɗorawa da mariƙinta ya goge don riƙo. "Ungo. Ko babanki ban taɓa bari ya taɓa ta ba. Kin kayar da ni. Yau kaɗai."

Barkono ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta a hankali kamar mutuniyar kirki. Sai ta soka ta a kitso ta fara susa, ido a lumshe.

"Kai, daidai wajen!"

"Dawo min da abina, mara mutunci!"

"Injiniya ake ce min yanzu. Ɗauko kwali mu tafi, yaro."

Kaka ya dafa kanta yana dariya har sandarsa ta faɗi.