Nomau da Abin da ke Kewaya

A ƙauyen Tsamiyar Gwanki an yi wani ƙaton saurayi ana ce masa Nomau. Ƙarfi kamar ingarma, amma duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikata shi. Gidansu su uku ne: shi, da tsohuwarsu Inna Delu, da wansa Malam Shekarau mai koyar da kimiyya a sakandare.

Wata rana Malam Shekarau yana koya masa babur, ya ce, "Ƙane, in ka zo kwana, ka ɗan kwanta, don kada gudu ya fitar da kai daji." Nomau ya ce to. Ya ja babur, shiru shiru har la'asar. Da aka bi sawu, sai aka tarar da shi a kwanar bakin rafi, ya kafe babur, ya shimfiɗa rigarsa yana minshari. Ya buɗe ido ya ce, "Yaya, kwanan bai cika ba tukuna."

Wata rana kuma Malam ya zuba ruwa a bokiti, ya yi ta wulwula shi sama da ƙasa, ko ɗigo bai zuba ba. Ya ce, "Ka gani? Duk abin da ke kewaya, so yake ya miƙe, wani abu ke janyo shi tsakiya. Ko gudunsa bai ƙaru ba, kullum cikin sauya hanya yake. Muddin akwai sauri, ba ya zuba." Da yamma Inna ta aiki Nomau sayen manja, ta ce kada ya zubar mata. Tun daga kasuwa yake wulwula bokitin, mutane na darewa, bai zubar da komai ba. A ƙofar gida ya ci karo da liman. Nomau yaro ne mai ladabi, sai ya tsaya cak ya gaishe shi, bokiti na bisa kai. Mako guda Inna na wanke rawanin liman.

Wata rana, ranar kasuwa, wani bajimin sa ya ƙwace daga hannun mahauta, ya nufi fili inda yara ke wasa, igiya na jan ƙasa a bayansa. Maza suka tsaya cirko-cirko. Malam Shekarau ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a ɗaura ɗamara mana!" Nomau ya duba, bai ga abin ɗaurawa ba sai igiyar san. Ya yi wuf ya cafke ta, ya ɗaure ƙugunsa tamau, ya dasa ƙafa.

Sa ya so ya miƙe, igiya ta hana, sai ya shiga zagaye Nomau. Yana zagayawa igiya na naɗewa a jikin Nomau, da'irar na ƙara tsukewa, har jiri ya kwashi san ya zube a gabansa yana huci. Ba yaron da ko ƙwarzane ya samu.

Inna ta iso da gudu, mayafi a hannu, tana shafa Nomau ko ya karye. Mahauta na ta sa albarka. Nomau kuwa, a naɗe kamar damin dawa, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, in kwance ɗamarar, ko da sauran shanu?"