Lambar da Aka Ajiye a Ɗakin Kaka

"Lafiya ƙalau, mijin banza. Ni ka zo gaisarwa ko akwatinka?"

Jikan, malamin lissafi, ya durƙusa gaban kakarsa, amma idonsa na kan kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinta. A ɗakinta ya ajiye ta saboda gidansa wuta ba ta zama. Wata da watanni tana gurnani, tana gwada wata lamba mai tsawon da littafi guda ba zai ɗauke ta ba. Fatansa ta zama cikin lambobin nan da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai da sha uku. In ta tabbata, shi ne farkon wanda ya gano ta.

"Ke na zo gani, amarya mai haƙori biyu."

"Biyun ma sun fi lambarka amfani. Yaya ka ce ake ƙera ta?"

Ya sake yi mata bayani: a yi ta ninka biyu, sau miliyoyi, sannan a cire ɗaya.

"Duk wannan tarin, ɗaya tak ka iya cirewa? Rowa dai gadonka ce. Cika ce ko mara?"

"Mara ce. Duk danginta mara ne, ban da biyu."

"Shi ya sa jininku ya haɗu, mara kunya."

Ya ce ai ita ce ainihin irin lambar, tunda ba a taɓa jin ta raba goronta da kowa ba sai ita da kanta. Yana cikin dariya ya taɓa madannin, fuskar kwamfutar ta haska. Gwajin ya ƙare. Lambar tana rabuwa.

Ya zauna a ƙasa. Ya riga ya cika wa ɗalibansa baki, har sun fara ce masa mai lamba.

Tsohuwa ta dube shi, ta gane.

"Ta yaudare ka ko? To danginta sun ƙare ne?"

"Ba sa ƙarewa, Kaka. An tabbatar da haka tun zamanin da, ina jin kina 'yar budurwa lokacin."

"To tashi ka nemi ƙanwarta."

Ya ce ya gaji, yau zai kwashe kayansa ta huta da gurnani. Nan take ta kai ƙafa ta tare akwatin, ta ce ba inda za shi. Da ya matsa mata da tambaya, sai ta faɗa: tunda aka kawo shi take jingina gwiwoyinta da iskarsa mai ɗumi, sanyin ƙashin da ya gagari man zafi ya lafa.

"Wato ni ina neman suna, ke kina gasa gwiwa?"

"Aƙalla ɗayanmu ya samu abin da yake nema."

Dariya ta ƙwace masa. Tsohuwa ta kwance zoben azurfar kakansa daga bakin zanenta, ta cusa masa a hannu.

"Riƙe, ladan likita ne. Sa wata lambar, kuma ka zaɓo doguwa."